Hawan motar kasuwa: an yi ma shanu mahayi, a yi ma mutane mataki

A ƙasar Madawa da Buza da Keita, motar da ta fi shiga ƙauye ita ce a-kori-kura mai buɗaɗɗen baya, wadda wasu ke ce ma kat-kat. Ita ke kai albasar kwarin Tarka kasuwa. Ita ke ɗaukar hatsi da wake da awaki. Ita ke kai mutane biki da gaisuwar mutuwa. In ciwo ya tashi da dare, sau da yawa ita ke kai majinyaci likita. Amma motar nan tana da wahala guda wadda ba a cika yin maganarta ba. Wahalar ita ce hawa da sauka.

Duk wanda ya tsaya tasha ranar kasuwa ya ga abin da idonshi. Saurayi ya taka taya, ya kama ƙarfe, ya haye kamar kan jaki. Tsohuwa kuwa ta tsaya tana duban motar. Mai ciki ta ɗaga ƙafa, ƙafa ba ta kai ba. Karen mota yana tsawa, direba yana danna oda. Daga nan wani ya ja hannu daga sama, wani ya tura daga ƙasa. Wata rana a hau lafiya. Wata rana ƙafa ta zame.

Me ya sa motar ta yi tsawo?

Ba don ado anka yi ta haka ba. Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce da ƙoramu. Daga Buza zuwa Karofan, daga Keita zuwa Garhanga ko Ibohaman, akwai hawa da gangara, akwai rairayi, da damina kuma ruwa yana yanke hanya. Mota mai gajeren ciki ba ta wuce irin wannan wuri. Dutse zai huda ta, ko ta kafe cikin ƙorama.

A shekarun 1970 da 1980 an yi zamanin Peugeot 404 da 504 masu tampol. Tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna, kuma da yawa sun shigo Nijar. Bayansu bai yi nisa da ƙasa ƙwarai ba. Daga baya Toyota ta karɓe hanyoyin daji, wato Hilux da Land Cruiser. Samfurin Land Cruiser da anka fi gani yanzu ya fara fitowa a 1984. Motocin nan sun fi ƙarfi, sun kuma fi tsawo.

Daben bayansu ya kusa mita guda daga ƙasa, wajen ƙugun babban mutum ke nan. Matakalar bene kuwa, taki guda ba ya wuce santimita 20. Ke nan mai hawa motar nan yana haɗa taki huɗu ko biyar cikin taki guda. In an loda buhuna, an ce a zauna bisa kaya, tsawon ya ninka.

Tun da ba a iya rage tsawon mota, abin yi shi ne a raba tsawon nan kashi-kashi, yadda ƙafa za ta iya.

Su wa ke shan wahalar?

Na farko tsofaffi. Ƙashin tsoho ba kamar na yaro ba ne. Faɗuwar da yaro zai tashi ya kakkaɓe riga, ita ke karya ma tsoho ƙashin ƙugu. Karayar ƙugu tana kwantar da mutum wata da watanni, wani ma ba ya sake takawa.

Na biyu mata masu ciki. Tun 2006 gwamnati ta sa awon ciki ya zama kyauta, haka ma maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. To amma kyautar tana can likita, ita kuwa mace tana ƙauye. In ta san sai an ɗaga ta kamar buhu gaban maza kafin ta hau mota, kunya da tsoro za su zaunar da ita gida.

Na uku masu goyo, da guragu, da makafi, da mai ciwon gwiwa. Akwai kuma makiyayi da ya riƙo sanda da gora, babbar riga tana maƙale mashi a ƙarfe.

Mutanen nan duka kuɗin mota suke biya kamar kowa.

Abin da mai mota zai yi

A Madawa da Buza da Keita da Tamaske akwai masu walda. Su ke gyaran amalanke, su ke yin ƙofofi da gadaje. Mataki bai fi ƙarfinsu ba. Kuɗinshi bai kai na sabuwar taya guda ba, balle kuɗin jinyar karaya. Ga abin da ya kamata a lura da shi:

1. Mataki na farko kar ya wuce gwiwar mace. Santimita 35 zuwa 40 daga ƙasa ya isa, wato ƙasa da kamu guda. Na biyu ya zo tsakanin na farko da daben mota.

2. Faɗinshi ya ɗauki tafin ƙafa sosai. Siririn rodi guda ba mataki ba ne, takalmin roba yana zamewa a kai, musamman da damina.

3. A yi mashi kaushi. A liƙa gajerun ƙarafa a gicciye, ko a ɗaure yankin tsohuwar taya bisa.

4. A kafa shi jikin ƙarfe mai kauri na gindin mota. Kwanon jikin mota ba ya riƙe nauyin mutum, yana yagewa.

5. Kar ya yi ƙasa da cikin mota, don kar dutse ya fizge shi a ƙorama. Wanda ake naɗewa sama bayan an hau ya fi. In ba haka ba, a yi ɗan tsani mai ƙugiya biyu, a rataya lokacin hawa, a cire a sa cikin mota.

6. A nisanta shi da bututun hayaƙi. Bututun nan yana ƙona ƙafa, yana ƙona zane.

7. A sa mariƙi na ƙarfe a tsaye kusa da matakin, inda hannun gajeren mutum zai kai. Mataki ba mariƙi rabin aiki ne. Igiyar kaya da bakin buhu ba abin kamawa ba ne.

Mai walda kuma ya cire wayar batir kafin ya fara, ya kiyayi tankin mai. In ya gama a shafa fenti saboda tsatsa. Karen mota ya riƙa girgiza matakin kowace safiya, ya gani ko waldar ta tsage.

Abin da gari zai yi

Ba kowane mai mota zai sa mataki gobe ba. Gari yana da tashi dabara, kuma makiyaya sun riga kowa saninta. A manyan kasuwannin bisashe ba a ɗaga sa a jefa shi cikin kamyo. Akwai tudu ko dakali da anka gina, kamyo ya ja da baya ya jingina, shanu su taka su shiga. An yi haka don sa dukiya ne, ba a son ya karye. Uwar da ta haifi mai san nan fa?

Gina irin dakalin nan ba baƙon aiki ba ne a Adar. A 1984 anka buɗe babban aikin raya karkara na Keita, da taimakon ƙasar Italiya da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Mutanen ƙauyuka, mafi yawansu mata, sun jera duwatsu bisa tuddai da fako don tare ruwa, sun dasa itatuwa, sun farfaɗo da gonakin da sunka mutu. Hannun da ya iya wannan ba zai kasa dakalin tasha ba.

Sai mai gari da dattawa su zaɓi wuri guda inda mota za ta riƙa tsayawa, wuri mai tauri, ba kan gangara ba, ba hanyar ruwa ba. A jera dutse, a cika da ƙasa da tsakuwa, a daɓe. Tsawonshi ya kai kamu guda ko ya ɗara kaɗan. Gefe guda a yi matakala ƙanana, ɗaya gefen a yi gangara don mai sanda da mai keken guragu. Gangarar nan za ta yi amfani wajen loda raguna da buhunan albasa. Aikin gayya ne na kwana ɗaya ko biyu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kafin a gina, ko gungumen itace mai faɗi ya fi babu. A binne gindinshi kaɗan don kar ya mirgina. Kar a taka bokiti ko jarkar roba, suna kifewa.

Yadda ake hawa da sauka

Direba ya tsaya cak, ya ja birkin hannu. In wurin yana da gangara, karen mota ya sa dutse ƙarƙashin taya. Kar mota ta motsa sai karen mota ya duba baya ya ce an gama.

A buɗe ƙofar baya. Ƙetare gefen mota ta kan taya aikin samari ne.

A fara miƙa kaya: ƙwarya, sanda, gora, kaza. Mai hawa ya zama hannunshi biyu babu kome.

Ya fuskanci mota. Cikin hannu biyu da ƙafa biyu, uku su zama a riƙe, guda ɗaya kawai ke motsi. Mace ta tattare zane, namiji ya naɗe riga.

Mai ciwon ƙafa guda ya fara hawa da mai lafiyar. Wajen sauka kuwa mai ciwon ke fara zuwa ƙasa.

Mai goyo ta kwance yaron, ta miƙa ma wata mace da ke sama, sannan ta hau. In ta duƙa da goyo, kan yaron yana iya bugun ƙarfe.

Ƙaramin yaro a ɗauke shi ta hamata. In an fizge shi da hannu guda, gwiwar hannunshi tana gocewa. Tsoho ma kar a ja shi da ƙarfi, kafaɗa tana fita. A ba shi hannu ya dafa, ya hau da kanshi.

Wajen sauka a juya baya, a fuskanci mota kamar lokacin hawa. Kar a yi tsalle. Tsalle daga mita guda yana sa gwiwa da idon sawu su ɗauki nauyin da ya ninka na jiki.

Tsofaffi da masu ciki su fara hawa, su sauka daga ƙarshe in turereniya ta wuce. Mazaunin gaba kusa da direba, mara lafiya da mai tsohon ciki sun fi kowa cancanta da shi. Mace ta taimaki mace. Karen mota kuma ya sassauta harshe. «Inna, ga mataki, kama nan» ko «Baba, sannu, muna jiranka» ba ya ɓata tafiya. Sannu ba ta hana zuwa.

In an faɗi

Mai ciki in ta faɗi, ko ba ta ji ciwo ba, ta je a duba ta ran nan. In ta ga jini ko ruwa, ko mara ta murɗa, ko ɗan ya daina motsi, a tafi da ita likita nan take.

Tsohon da ya faɗi ya kasa tashi, ƙafa guda ta gajarce ta karkace waje, alamar karayar ƙugu ce. Kar a tsayar da shi. A kwantar da shi bisa ƙyaure ko katako, a kai shi asibitin Madawa, ko Buza, ko Keita. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su tura shi Tawa ko Galmi.

Wanda kanshi ya bugu, yana amai ko yana yawan barci ko maganarshi ta rikice, shi ma asibiti ba jira.

Jama'a, manoma da makiyaya, rigakafi ya fi magani. Ku kai maganar nan gaban mai gari da shugabannin tasha da ƙungiyoyin mata. Ku nemi a gina dakali kafin damina. In motoci biyu sun tsaya, guda da mataki guda babu, ku sa iyayenku cikin mai matakin, ku gaya ma ɗayan direban dalili. Ranar da ya ga fasinja sun wuce shi, da ƙafarshi zai tafi wurin mai walda.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.