Tsofaffin Tambulan Masu Sassaƙa da Ɗaurin Azurfa: Waiwaye Daga Unguwar Fezzan

1.0 Gabatarwa

Unguwar Fezzan ta Maiduguri ta samo sunanta ne daga yankin Fezzan na kudancin Libiya, inda fatake suka daɗe suna ratsawa daga Tarabulus, su bi ta Murzuƙ da Bilma, su sauke kaya a Barno. Cikin hajar da wannan hanya ta ɗauko har da kayan gilashi. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ya sa tsofaffin tambulan masu sassaƙa suka wanzu a Turai, alhali a kudancin Sahara galibi ɓaraguzansu ake tonowa.

2.0 Sassaƙa da Ɗauri

Fitaccen misali shi ne rukunin da ake kira tambulan Hedwig, waɗanda guda 14 ne aka san sun rage cikakku. An laƙaba musu sunan Hedwig (1174-1243), matar wani basaraken Silesiya, wadda aka ce ta mallaki wasu daga cikinsu. Gilashinsu mai kauri ne. Da faifan wasawa mai juyawa ake cinye jikinsa, har siffar zaki ko gaggafa ta fito tudu-tudu. Masana sun fi danganta su da ƙarni na 12, amma sun saɓa kan mahaifarsu: wasu sun ce Misira, wasu Sham, wasu kuwa Sisili.

Da suka shiga hannun majami'un Turai, sai maƙera suka yi wa wasunsu gindi ko murfi na ƙarfe mai daraja tsakanin ƙarni na 13 da na 15. Akan narka zinariya cikin zaiba, a shafa wa azurfa, a gasa. Zaiba ta tashi, zinariya ta zauna daram. Ɗaurin ya kāre baki da gindi, wato inda gilashi ya fi saurin tsagewa. Haka kuma ya ɗaga tambulan daga matsayin abin shan ruwa zuwa kayan taska, wanda ba a fito da shi sai ranar hidima. A nan ne sirrin daɗewarsa yake.

3.0 Ketare Sahara

Tafiyar watanni a bayan raƙumi ba ta jituwa da abu mai fashewa. Saboda haka fatake suka fi ɗauko duwatsun ado da ƙananan madubai, irin waɗanda Barth ya tarar a kasuwar Kano a 1851. Duk da haka, mazubai ma sun ƙetaro, domin tone-tonen da aka yi a Gawo ta ƙasar Mali sun fito da gutsattsarinsu. Wanda ya iso lafiya kuwa, amfanin yau da kullum da yaƙe-yaƙe na jiransa. Kukawa kanta ta sha ɓarna a hannun Rabeh a 1893, sannan fadar Shehu ta koma Yarwa a 1907.

4.0 Kammalawa

Ke nan duk tsohon mazubin da ya tsira a gidajen zuriyar fatake shaida ce mai wuyar samu. Babban haɗarinsa shi ne a ɓalle azurfarsa a sayar bisa awo, domin sau da yawa salon ƙirar ko hatimin maƙerin ne ke nuna inda abin ya biyo da zamaninsa. Idan aka narka ɗauri, an sami kuɗin azurfa, amma an bar gilashi ba mai faɗin asalinsa.