"Yaka Nan": Tsofaffin Kalmomin Tafiya

 Shirinmu na harshe na wannan mako ya tsaya kan ƙorafin iyaye: yaro ya dawo daga lakwal, kakarsa ta ce masa "yaka nan", sai ya bushe da dariya, wai maganar ƙauye ce. To, ba kuskure ba ne, tsohuwar Hausa ce.

"Yaka" da "yaki" ragowar wani tsohon fi'ili ne, "ya", mai ma'anar zuwa. Kiran mutum kaɗai ya rage masa. Shi ya sa kuna cewa "na zo", amma ba mai cewa "na ya".

Ga wani kuma. In jami'i ya tare ka a bakin iyaka ya ce "Ina za ka?", ka ce "Za ni kasuwa", ai babu kalmar tafiya a ciki sai "za". Asalinta ke nan. Da yake matafiyi gaba ya dosa, sai ta zama alamar abin da ke tafe: "za mu sayar da shanu". "Zai" ma "za ya" ne baki ya taƙaita. Masanin harshe Paul Newman ya yi bayanin wannan a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000.

Masu jin Faransanci, kun san "je vais" na yin aikin nan biyu: "je vais à Gaya", da "je vais vendre".

Ingilishi ma bai tsira ba. Ana koya wa yara "go", amma in an riga an tafi sai a ce "went". Me ya haɗa su? Aro ne. "Went" na wani tsohon fi'ili ne, "wend", mai nufin juyawa ko kama hanya. Wajajen shekarar 1500 ta ture tsohuwar kalmar "yede", ta zauna a gidan "go". Shi kuwa "wend" ya tsufa, da wuya ka ji shi a baki.

Kun ga ke nan, yaron da ke alfahari da "went" tsohuwar kalma yake furtawa, sa'ar "yaka". Ku gaya masa haka, kada kunya ta raba shi da harshen kakarsa. Duk wata tsohuwar kalmar da kuke ji a ruga ko a kasuwa, ku aiko mana, mu tattauna a shiri na gaba.