Gardama A Kan Dokar Tattalin Man Mota A Amurka

A shekarar 1973 ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai. Mai ya yi wuya, motoci suka yi ta jerin gwano a gidajen mai. Wannan ne ya sa a 1975 Majalisar Dokokin ƙasar ta kafa doka wadda ta tilasta wa maƙeran motoci su rage yawan man da motocinsu ke sha.

Ga yadda aka tsara dokar. Ba mota ɗaya ake aunawa ba. Akan haɗa dukan motocin da kamfani ya sayar cikin shekara, a fid da matsakaicin mil nawa suke yi da galan guda. Kamfanin da ya kasa kai ma'aunin sai ya biya tara. Ga ƙananan motoci an fara da mil 18 a 1978, aka kai mil 27 da rabi a 1985.

A 2012 gwamnatin Shugaba Obama ta sa ma'aunin ya riƙa hawa har ya kai mil 54 da rabi a 2025. A 2020 gwamnatin Shugaba Trump ta sassauta shi, a 2022 ta Shugaba Biden ta sake ƙarfafa shi. Sa'an nan a watan Yuli na 2025 Majalisa ta soke tarar.

Masu son sassauci suna cewa na'urorin tattalin mai suna ƙara wa sabuwar mota tsada. In ta yi tsada, mutane sai su ci gaba da hawa tsofaffi, waɗanda sun fi haɗari da hayaƙi. Masu ƙin sassauci kuwa suna cewa abin da mai mota ya ƙara wajen saye zai dawo masa a kuɗin mai. Suna kuma tuni da cewa kowane galan da aka ƙone yana sakin iskar kabon wajen kilo 9, watau iskar da ke ɗumama duniya.

Ya kamata hakimai da malamansu su lura, domin maganar ta shafi ƙasar nan. Motoci na hannu da yawa da ake shigo da su ta Ikko da Kwatano daga Amurka suke fitowa. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya zama babban nauyi ga direba da fasinja. Motar da aka ƙera can mai yawan shan mai, bayan 'yan shekaru a nan za a riƙa cika mata tanki.