GARGAƊI: Kada A Fizge Kan Caja Alhali Wuta Na Gudana

Jama'ar Jega, Aliero da Maiyama, musamman direbobi, 'yan kabu-kabu, masu keke napep da masu shagunan caji. A saurara da kyau, domin maganar ta shafi rai da dukiya.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hankalin mutane ya karkata ga ababen hawa masu aiki da batir. Abin ma ya riga ya iso maƙwabta: a shekarar 2021 hukumar bunƙasa harkar ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Garuruwanmu uku kuwa suna kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta Tambuwal ta nufi Koko da Yawuri. Duk abin da ya hau wannan titi, a ƙofar gidanmu zai tsaya.

Wutar soket ɗin gida volt 230 ce, kuma tana kisa. Batirin motar lantarki yakan kai volt 400, wasu har 800. An ƙera motocin yadda za su kulle kan caja su riƙe shi har sai wuta ta tsaya. Wanda ya sa ƙarfi ya ɓalle shi ya karya abin da ke kare shi. Idan ƙarfe ya rabu da ƙarfe wuta na tsaka da gudu, tartsatsi ne ke tashi, ya ƙona hannu, ya narkar da bakin caja, ya bar tarko ga wanda zai zo bayanka.

Ga yadda ake cirewa:

1. Fara tsayar da cajin daga allon na'urar caji, ko manhajar waya, ko katin da ka kunna da shi.
2. Dakata har fitilar caji ta nuna an gama. Sauri ya haifi nawa.
3. Buɗe motar da makullinta, domin a yawancin motoci da haka ne kan caja ke sakuwa.
4. Kama mariƙin da busasshen hannu, ka danna madanninsa idan yana da shi, ka zaro shi a miƙe. Kada ka ja ta wajen waya, kada ka girgiza shi.
5. Idan wayar taka ce, cire ta daga mota tukuna, sannan daga na'urar.
6. Rufe murfin wurin caji, ka rataye wayar a mazauninta. Ƙurar hunturu da ruwan damina duk suna lalata bakin caja.

Idan ya ƙi fita, kulle motar ka sake buɗe ta. In ya ci gaba da cijewa, kira ma'aikacin tashar. Motoci da yawa suna da 'yar igiyar sakin gaggawa, littafin motar zai nuna maka inda take. Kada a kawo sukudireba ko filaya. Jan madannin da ke jikin na'ura kuwa na ranar hatsari ne kawai.

Masu babur da keke, ku ne kuka fi shiga haɗari, domin ƙananan caja da yawa ba su da wannan kulle. Ku kashe soket ɗin bango, ku zare filogi, sannan ku raba caja da batir. Kada a yi caji da wayar da aka yi wa joni da leda, ko cajar da ba ta batirin ba. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, a bar batir ya huce a inuwa kafin a jona shi. A nisanta caji da jarkar fetur, da rumfar kara irin ta ajiyar albasa, da ɗakin da yara ke kwana.

Idan ka ji ƙauri, ko ka ga hayaƙi, ko batir ya kumbura, ko ruwa ya kwanta a gindin na'ura, kada ka taɓa. Janye mutane nesa, a kashe wuta daga tushe, a kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112. Hayaƙin batir guba ne, kuma wutarsa takan sake tashi bayan an ɗauka ta mutu. Wanda wutar lantarki ta kama, kada a riƙe shi da hannu. A yanke wutar tukuna, sannan a garzaya da shi asibiti ko da ya ce ya warware.

Muna roƙon limamai, hakimai da shugabannin tashoshin mota su isar da wannan saƙo ga jama'arsu. Direba, fasinja zai iya jiranka minti ɗaya. Tsayar da wuta, sannan ka cire. Allah ya tsare mu baki ɗaya.