Sukari Kala-Kala Ne: Abin Da Gwaji Kan Ɓeraye Ya Nuna Game Da Hanta

A Danchuwa da ke ƙaramar hukumar Potiskum a Jihar Yobe, kamar sauran garuruwan Arewa, sukari ya zama abokin rayuwa. Da shi ake haɗa shayin safe da kunun zaƙi, da shi ake gyara zoɓo da fura, musamman lokacin zafi da watan azumi. Sai dai binciken masana ya nuna cewa ba duk sukari ne hanta ke karɓa iri ɗaya ba.

Sukarin da ake saye a kanti, wanda ake samu daga rake, haɗin sinadarai biyu ne, rabi gulukos, rabi furuktos. Gulukos shi ne abin da tuwon dawa, gero da shinkafa ke komawa bayan narkewa, kuma kusan dukkan sassan jiki na amfani da shi don samun ƙarfi. Shi kuwa furuktos, hanji da hanta ne ke ɗaukar nauyin sarrafa mafi yawansa.

A shekarar 2017, masana a Cibiyar Ciwon Sukari ta Joslin da ke Boston a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ronald Kahn, sun shayar da ɓeraye ruwan gulukos ko na furuktos tsawon makonni 10. A cikin ɓerayen da ke cin abinci mai maiƙo, waɗanda suka sha furuktos sun fi ƙiba, hantarsu ta fi girma, kuma jikinsu ya fi gazawa wajen daidaita sukarin jini. A 2019 masanan sun ƙara gano cewa furuktos na rage wa hanta ikon ƙona kitse, abin da gulukos bai yi ba.

Wani gwaji na Jami'ar Princeton a 2018 ya bayyana rawar da hanji ke takawa. Idan furuktos kaɗan ne, ƙaramin hanjin ɓera na sarrafa kusan kashi 90 cikin 100 nasa kafin ya isa hanta. Amma idan ya shigo da yawa a lokaci guda, sai ya fi ƙarfin hanji, ragowar ta kwarara zuwa hanta, inda ake mayar da wani ɓangare kitse. An kuma lura cewa hanji ya fi iya wannan aiki idan akwai abinci a ciki.

Ko da yake jikin ɓera ya bambanta da na ɗan Adam, gwajin da aka yi kan mutane a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 2009 ya nuna cewa masu shan furuktos na makonni 10 sun fi tara kitse a cikin ciki fiye da masu shan gulukos.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci, har da zuma da ruwan 'ya'yan itace, kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu a rana, wato kimanin ƙaramin cokali 12 ga baligi. Gwangwanin lemo ɗaya na iya ɗauke da cokali 10. A Najeriya, Dokar Kuɗi ta 2021 ta sanya harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi.

Ga magidanci a Danchuwa, darasin a sarari yake. Cin mangwaro ko lemon zaƙi ɗanye ya fi shan ruwansu da aka tace, domin jiki na tsotse sukarinsu sannu a hankali. Mai azumi kuma ya fi dacewa ya fara da dabino da ruwa, ya ci abinci, kafin ya kai hannu ga zoɓo mai sukari.