Tseren Keke a Hanyar Burji: Daga Kenya Zuwa Tudun Nakpanduri

A shekarar 2021 aka fara gasar Migration a yankin Masai Mara na Kenya: wajen kilomita 650 cikin kwana huɗu, bisa burji da tsakuwa. Baƙi har kuɗi suke biya domin su sha ƙura.

Mu kuwa irin wannan hanya gadonmu ce. Mai keken da ya taso daga Bawku zai haura dutsen Nakpanduri ta cikin daji, ya gangara Yendi ta Gushegu. Daga nan zuwa Salaga, sawun fataken goro zai taka. Yaran da ke hawa keke da buhun masara ba ƙarfi suka rasa ba. Amma gasa sai da mai shiryawa, da ruwa a kowane zango, da hular kwano, sannan da kwanciyar hankali a Bawku.