Waya a Hannu, Zaƙi a Baki, Gwaji Sai Gobe: Gargaɗi ga Mutanen Andarai

Ya ku jama'ar Andarai, da ku 'yan'uwanmu na Maiyama da Jega da Aliero, ku saurara. Ciwon suga yana cikinmu. Ba ya sallama idan zai shiga gida. Mu ne kuma muke buɗe masa ƙofa kowane dare da hannunmu.

Ku leƙa teburin mai shayi bayan sallar isha'i. Samari ne jere, kowa ya sunkuyar da kai kan waya. Wannan na TikTok, wancan na Facebook. A gaban kowa kofi ne cike da garin cakulan da madarar gwangwani, an kuma ƙara sukari a kai. Sha biyu ta yi, ɗaya ta yi, babu wanda ya tashi. A cikin gida ma haka ne. Uwa na kallon bidiyo, yaro ya dame ta da kuka, sai a miƙa masa cakulan ko minti don ya yi shiru. Gobe ma haka. Jibi ma haka. Har yaushe?

Ɗan'uwa, ka san yawan sukarin da kake zuba wa jikinka? A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a rage sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, ta ce mafi alheri kada ya wuce kimanin giram 25 a yini. Wato ƙaramin cokali shida ke nan. Shida kacal! Lemon kwalba guda ɗaya na iya wuce haka shi kaɗai. Cakulan mai madara kuwa, kusan rabinsa sukari ne. To ka lissafa na shayin safe, da na koko, da na fura, da lemon da ka sha da rana, da shayin dare. Ina ka tsaya?

Raba dare kan waya kuma ba ƙaramar ɓarna yake yi ba. Hasken waya yana korar barci. Wanda bai samu isasshen barci ba yakan tashi da kwaɗayin zaƙi, jikinsa kuma ba ya sarrafa sukari yadda ya kamata. Ga zama wuri ɗaya na sa'o'i. Iyayenmu sun sha fura, sun ci tuwo sun ƙoshi, amma da ƙafa suke zuwa fadama, da hannu suke noma, suna kwanciya da wuri. Mu kuwa daga babur sai benci, daga benci sai katifa, waya na hannu. Asuba ma sai ta wuce wasu suna barci.

Kada ka ce ai ciwon masu kuɗi ne. Kada ka ce ai ni siriri ne. Yana kama mai ƙiba, yana kama marar ƙiba, kuma idan mahaifinka ko mahaifiyarka na da shi, haɗarinka ya ƙaru. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 24 ne ke ɗauke da shi a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. A Najeriya kaɗai ta ƙiyasta kimanin miliyan 3.6. Fiye da rabi ba su sani ba! Wa ya tabbatar maka ba ka cikinsu?

Ka tambayi kanka yanzu. Kana yawan jin ƙishirwa, ko ka sha ruwa bai kashe ta ba? Kana tashi fitsari sau da yawa cikin dare? Tururuwa na taruwa inda ka yi fitsari? Kana ramewa alhali kana ci? Idonka ya fara gani dishi-dishi? Tafin ƙafarka na zafi ko yana mutuwa? Ka ji ciwo a gona, makonni sun wuce bai warke ba? Idan ka amsa e ko da ga ɗaya, kada ka jira. Idan ma babu ko ɗaya, kada ka saki jiki, domin ciwon kan shekara yana aiki a ɓoye.

Mu mutanen albasa ne. Wane manomi ne zai zuba albasa a rudu ya ƙi leƙa ta har sai wari ya fito? Kowa ya san ruɓa daga ciki take farawa, bawo na nan lafiya lau. Me ya sa muke duba albasa, ba ma duba jininmu?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne "sai gobe". Zan je gwaji bayan girbi. Zan rage zaƙi bayan Sallah. Zan daina raba dare idan datar nan ta ƙare. Data ta ƙare, an sake sayen wata. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, amma ba mu fasa saye ba. Tun 2022 gwamnati ta sa harajin naira 10 kan kowace lita ta lemon zaƙi, ba mu fasa sha ba. Kuɗin gwajin suga ne kaɗai kullum babu.

Shi kuwa ciwon ba ya jiran girbi. Yana cin jijiyoyin ido har mutum ya makance. Yana lalata ƙoda har a kai ga wankin ƙoda, abin da kan cinye gona da shanu. Yana haɗa kai da hawan jini su kawo shanyewar ɓarin jiki. Yana raunana magidanci a shimfiɗarsa. Ƙaramin ciwon yatsa kan zama miki, mikin ya ci ƙafa, likita ya ce sai an yanke. Aliero ta yi suna da masu ɗori, har daga nesa ake kawo musu karaya. Amma ƙafar da suga ya cinye ba ta ɗoruwa.

Ku kuma yi hattara da masu tallar magani a intanet da ke cewa suna warkar da suga cikin mako guda. Kada mai ciwo ya ajiye maganin likita saboda wani bidiyo. Baba, Inna, idan an ba ku ƙwaya ko allura, ku riƙe ta, ku koma asibiti ranar da aka ce.

Iyaye mata, ku daina toshe bakin yaro da cakulan. Ku duba haƙoransa, kun ga baƙin da ya fara? Ku ba shi gyaɗa, ko aya, ko goruba, ko kankana. Samari, ku sa wa waya lokacin kwanciya, ku ajiye ta nesa da matashin kai. Ku ce wa mai shayi ya rage sukari, ku tsaya ku ga ya rage. Ku taka da ƙafa ko na rabin sa'a ne a yini.

Gwajin ba shi da wuya. Ɗigon jini ne daga yatsa. Ka kwana ba ka ci komai ba sai ruwa, na aƙalla sa'a takwas, ka je da safe. Idan na'ura ta nuna 126 ko sama da haka, a sake gwadawa, ka ga likita ba tare da ɓata lokaci ba. Ka nemi a auna maka hawan jini a zama ɗaya. Akwai babban asibiti a Maiyama da Jega da Aliero, ga asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi idan an tura ka gaba.

Ka tsayar da rana a cikin makon nan. Ka faɗa wa matarka ko ɗanka ranar, don su riƙe ka da ita. Idan za ka tafi, ka ɗauki Baba da Inna a kan babur ɗin, a gwada ku gaba ɗaya.